Allah Ya Ja Zamanin Kasafin Ƙaramar Hukuma

Duk shekara, idan kaka ta wuce, sanyi ya fara sauka, akwai babban baƙon da ke fitowa a sakatariyar ƙananan hukumominmu, amma mutanen gari sun kasa sanin darajarsa. Sunansa Kasafin Kuɗi. Cikin fayil mai sheƙi ake ɗauko shi, a raɗa masa suna mai daɗin ji, a karanto jimillarsa cikin biliyoyi, a tafa, mai hoto ya ɗauka, sannan a mayar da shi durowa a kulle. Daga ranar ba ya ƙara damun kowa sai baɗi. A ƙasar da kowa ke kukan masu mulki sun takura masa, wanda ya shekara bai taɓa rayuwar talaka ko da ɗan yatsa ba ai ya cancanci kirari. Tun da maroƙa sun yi sakaci, bari in ɗauke musu nauyin.

Ranka ya daɗe, da asali ake fara yabon manya, kuma naka asalin ba na wasa ba ne. Kakanka shi ne Baitulmalin En'e, wanda a Katsina aka fara kafa irinsa zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kafin sauran masarautun Arewa su ɗauka. Da haraji da jangali ya rayu. Ba zan wanke shi ba. An ci zarafin talakawa a kansa, an shanya magidanta a rana saboda kuɗin da ba su da shi, kuma kukan wannan zalunci na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi. Amma kakan nan naka yana da wata wahala da Allah ya raba ka da ita: dole ya san mutanensa. Dole mai unguwa ya san gida nawa ne a unguwarsa, magidanta nawa ne a kowane gida, domin daga aljihunsu kuɗin ke fitowa. Kuma mutumin da aka karɓi sulensa yakan ɗaga kai ya duba ko an haƙa rijiya, ko an gina asibitin sha-ka-tafi.

Kai kuwa ka huta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa ya tsaya a kansa a mulkin soja na Obasanjo, ya ba ka sabon suna da matsayin mataki na uku na gwamnati. A 1979 Balarabe Musa a tsohuwar jihar Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi guɗa, kuma suna da gaskiya. Tun daga lokacin abincinka daga sama yake saukowa, daga rabon arzikin ƙasa da ake yi duk wata. Ba ka da buƙatar sanin yawan gidajen garinka, balle yawan masu kwana a cikinsu. Wace sarauta ce ta fi wannan daɗi, a ci a ƙoshi ba tare da an haɗa ido da mai noman ba?

Ga kuma arziki. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne, ban da kashi 35 cikin 100 na harajin VAT. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira, abin da ake rabawa a Abuja duk wata ya haura naira tiriliyan ɗaya, kasonka ma ya kumbura tare da shi. Talaka ne ya biya wannan ƙarin, a gidan mai, a kuɗin mota, a kwanon masara. Da wani marar tarbiyya ne ya samu irin wannan buɗi, da tuni an ga alama a jikinsa: tituna sun sha kwalta, kwatoci sun sha siminti, kasuwa ta yi rufi. Kai kuwa, tubarkalla, ka iya ɓoye ni'ima. Baƙo zai zaga gari tun daga tasha har bakin maƙabarta bai ga abin da zai sa ya yi maka baki ba. Iyakar abin da ke fallasa ka shi ne sabon fentin katangar sakatariya da sababbin motocin da ke shan inuwa a gindinta.

Sai biyayya, wadda ita ce ta fi kowane hali naka haske. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗaka, inda kason ƙananan hukumominta zai sauka kafin a raba musu. Tuwon yaro ne aka zuba a akushin babban wansa, aka ce ya riƙa gutsura masa. Tun a can ake cire albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin horas da ma'aikata, da na ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a babban birnin jiha ake tsara su, a can ake ba da kwangilarsu, wani sa'in ma a can ake gina su. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire halal ne, malami dole ya ci abinci. Amma wa ya taɓa ganin lissafinsu manne a bango? Abin da ya rage shi ake miƙo maka, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya. Ba ni na ƙaga ba. A Disambar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya ba da misalin yadda ake yi: idan kuɗin ƙaramar hukuma miliyan 100 ne, sai a tura wa ciyaman miliyan 50, ya sa hannu a kan ya karɓi 100. Doka ta ce ita ma jiha ta ba ka kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarta na cikin gida, amma saboda kunya irin ta ɗan babban gida, ba ka cika tambaya ba.

An sha yunƙurin raba ka da wannan ladabi, Allah bai ba su sa'a ba. A 2019 hukumar NFIU, mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta hana bankuna taɓa kuɗinka ta bayan gida, ta kuma ƙayyade tsabar kuɗin da za a cira daga asusunka zuwa naira 500,000 a rana. Gwamnoni suka garzaya kotu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ta ce a riƙa biyan ka kai tsaye, kuma kantomomi da kwamitocin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Nan da nan jihohi suka shirya zaɓe, kuma abin da ya biyo baya ya isa abin alfahari. A Bauchi PDP ta cinye kujerun ciyaman 20 duka. A Jigawa APC ta cinye 27 duka. A Kano NNPP ta cinye 44 duka. A Katsina, cikin Fabrairun 2025, APC ta cinye 34 duka. Jam'iyyu daban-daban, sakamako iri ɗaya. Ina aka taɓa ganin al'umma mai haɗin kai haka, wadda ba a samu ko ƙaramar hukuma ɗaya da ta saɓa wa zuciyar gwamnanta ba? A Anambra sai aka yi sabuwar dokar da ta ce ko an biya ka kai tsaye, ka mayar da wani kaso asusun da jiha ke riƙe da shi. Aka shiga 2025 ana ta kafa kwamiti da maganar buɗe asusu a Babban Banki. A Kano kuwa majalisar dokokin jiha ce ke zartar da kasafin ƙananan hukumomin nan 44, don kada kansiloli su wahala da karatu. Kotu ta buɗe maka ƙofa, ka leƙa waje, ka ga akwai rana, ka koma ciki. Wannan ita ce amana.

To bari mu sauko gari, inda albarkarka ta fi bayyana. Zan ɗauki Funtua, ba don laifinta ya fi na kowa ba, sai don abin da ke samunta shi ke samun Malumfashi da Ƙauran Namoda da Azare da Haɗeja, garuruwan da suka wuce ƙauye amma ba su kai babban birnin jiha ba, don haka ba a cika tunawa da su ba sai guguwar zaɓe ta taso. Funtua gari ne da auduga da jirgin ƙasa suka raina. Layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta nan ya ratsa tun ƙarshen shekarun 1920, injinan gurzar auduga suka kafu, daga baya masaƙa ta zo, hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari suka haɗu a cikinta. Garin baƙi ne tun asali, bai taɓa rufe wa mai neman abinci ƙofa ba.

A 'yan shekarun nan wasu irin baƙi suka ƙaru, waɗanda ba fatauci ya kawo su ba. Mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ne, waɗanda 'yan bindiga suka ƙone wa rumbuna, suka kore musu shanu, suka raba su da gonakinsu. Yawancinsu ba sansani suka nufa ba, gidan ɗan'uwa suka nufa, kamar yadda muka gada. Ɗakin da aka gina don miji da mata ya koma na iyali biyu. Zaure ya zama makwanci. Kangon da mai shi ya kasa rufawa aka toshe tagoginsa da buhu da leda, matan da a ƙauyensu kowace ke da sashenta da rumbunta da akuyoyinta suka tare a ciki, ba ƙyaure, ba banɗaki, suna jiran dare ya yi kafin su zaga. Samari suna kwana a shago, da barandar masallaci, da cikin keken da suka yini suna ja. Masu nema suka fi ɗakuna yawa, kuɗin haya ya tashi, mai gida yana son na shekara a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, wanda ya kasa sabuntawa a ba shi notis don akwai mai jira a ƙofa. Ba 'yan gudun hijira kaɗai abin ya shafa ba. Saurayin da aka sa wa rana ya ɗaga bikinsa saboda ciki da falo ya gagara. Malamin firamare, wanda a ƙarƙashinka yake, ya ji an ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ya waiwaya ya ga a farkon shekarar buhun siminti ya haura naira 10,000, ya tambayi kuɗin bandir ɗin kwano da na rodi, ya haƙura da gininsa da ya tsaya a linta, ciyawa tana fitowa a inda ya so ya sa gadon 'ya'yansa.

A nan natsuwarka ta fi burge ni. Da wani mai garaje ne, da ya tura ma'aikata unguwa-unguwa tare da masu unguwanni, su rubuta iyali nawa suka shigo, nawa ke kwana a kango, nawa ake biyan ɗaki a kowane layi. Kai ba ka yi wa kowa wannan tonon silili ba. Ka rufa wa talaka asiri, domin abin da bai shiga takarda ba ai bai faru ba, kuma wanda bai faru ba ba ya buƙatar ko kwabo a shafukanka.

Da ka ga jama'a na neman filin gini, sai ka bar su su koyi dogaro da kai. Mai gona a bakin gari ya kira masu awon igiya, a yayyanka gonar fuloti-fuloti, a bar lungun da ko motar ɗaukar gawa ba ta shiga, ba filin makaranta, ba na asibiti, ba hanyar ruwa. Kowa ya haƙa rijiyarsa dab da masan maƙwabcinsa. Damina ta sauka, ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa ya tarar an yi gini a kanta, sai ya bi ta ɗakuna. Katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna a kan masu barci. Bayan ruwan, amai da gudawa su biyo. A ambaliyar 2022 gwamnatin tarayya da kanta ta ce sama da mutum 600 sun rasu, sama da miliyan ɗaya sun rasa matsuguni, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. A irin wannan rana kam ba a taɓa samun ka da nawa ba. Kafin laka ta bushe ka iso da buhun shinkafa da tabarma da bargo da mai hoto. Na gane hikimar. Kwata ba ta iya shiga layi ta yi godiya a gaban kyamara, amma wanda gidansa ya rushe yana iyawa, har ma da addu'a.

Mahassada suna cewa sakaci ne. Amsarka kullum a shirye take: gidaje ba aikin ƙaramar hukuma ba ne. Kuma maganar tana da ƙanshin gaskiya. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kai na karkara aka bar maka ka ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Akwai asusun gidaje na ƙasa tun 1992, wanda ake cirar wa kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na tarayya yana riƙe da shi. Sai dai kafin ka ci bashinsa ana son takardar mallaka ta gwamna, wadda mai fulotin awon igiya ba shi da ita, sannan akwai ruwa a kan bashin, wanda da yawa daga mutanenmu ke gudu don addininsu. Mai sayar da kayan miya da ɗan acaɓa kuwa ba su ma san hanyar ofishin ba. Shehu Shagari ya yi niyyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma duk da bai cimma adadin ba, har yau akwai unguwannin da ake kira da sunansa a garuruwa da dama, shaida ce ta cewa an taɓa yin gwamnatin da ta ɗauki makwancin talaka a matsayin aikinta. Gwamnatin tarayya ta fara wani sabon rukunin gidaje a 2024, har Katsina ta samu 250, amma kuɗinsu miliyoyi ne, kuma 250 ko unguwa ɗaya ba su isa ba. Tarayya tana nuna jiha, jiha tana nuna tarayya, kai kana tsakiya ka naɗe hannu cikin mutunci.

Akwai dai wani shafi a tsarin mulkin, jadawali na huɗu, wanda don kawaici ba ka cika buɗe shi ba. A nan aka jera ayyukanka: gina tituna da layuka da magudanan ruwa da kula da su, fitilun hanya, kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, sa wa layuka suna da yi wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidajen mutane don karɓar kuɗin da ya hau kansu. Duk wanda ya taɓa gini ya san gida ba bango huɗu ba ne kawai. Hanyar da tifa za ta kawo yashi, kwatar da za ta janye ruwa, famfon da zai hana a sayi jarka, su ne ke mayar da fili mai araha a bayan gari wurin da mutum zai iya zama da iyalinsa. Waɗannan duka naka ne, ba na gwamna ba, ba na Abuja ba. Kuma a layi ɗaya cikin jadawalin nan aka haɗa maka abu biyu: maƙabartu, da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Cikin biyun ka zaɓi wanda ba a biyan haya, wanda mai shigarsa ba ya ƙorafin yoyo. Shi ɗin ma, a yawancin garuruwa, 'yan unguwa ne ke karo-karo su kewaye shi, su yi gayya su cike ramukan da damina ta buɗe.

Ba zan rufe baki ban yaba maka a kan bunƙasa tattalin arziki ba, tun da kusan kowane shafinka yana ɗauke da wannan kalma. Shirinka a nan ba ya canzawa, alamar ka yarda da shi: a tara matasa da mata a filin sakatariya tun safe, a yi jawabi, a raba baro da keken ɗinki da injin markaɗe, yawanci bisa jerin sunayen da aka rubuto daga ofishin jam'iyya. Kafin sati ya zagayo wasu kayan sun koma kasuwa a rabin kuɗinsu, domin wadda aka ba keken ɗinki kuɗin haya ne ya hana ta barci, kuma a ɗakin da take ba inda za ta kafa shi. Haka dukiya ke zagayawa, daga ɗan kwangila zuwa ɗan kasuwa, ta ratsa ta hannun talaka ta gaishe shi.

Masu cewa kai malalaci ne su zo ranar kasuwa. Kafin rana ta fito yaranka sun iso da rasit. Mai tumatir a faranti ta biya, mai baro ya biya, mai tireda ya biya, direba ya biya a tasha, mai akuya ya biya a kara. Ba wanda ke kuɓuce maka, sai fa masu manyan gidaje da jerin shaguna, waɗanda jadawalin nan ya ce ka ƙiyasta dukiyarsu, kai kuma kana ganin girmansu. Inda kuɗin rasit ɗin ke kwana, wannan sirri ne tsakaninka da masu karɓa. Ita kasuwar tana nan yadda kakanni suka bar ta, don kare tarihi: taɓo da damina, gobara da hunturu, ba layin da motar kashe wuta za ta bi. Idan ka daure ka gina shaguna, sai ka raba wa manyan gari da ba su taɓa auna ko mudu ɗaya ba, su kuma su ba 'yan kasuwar ainihi haya a ninkin kuɗin. A takardar albashinka ma ba ka nuna bambanci tsakanin mai rai da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ko wanda ba a ma haifa ba. Duk tantancewar da jihohi ke yi sai an tono ma'aikatan bogi, shaidar cewa jin ƙanka ya ƙetare iyakar duniya.

A 2024 aka ƙaddamar da tashar tsandauri ta Funtua, don kaya su tashi daga nan zuwa ƙasashen waje. Amma auduga da masara da waken suya ba a tashar suke tsirowa ba. Sai sun bi hanyar ƙauye, sun haye kwalbatin da ya karye, sun tsallake rafin da ke yanke gari biyu duk Agusta. Waɗannan ƙananan hanyoyi naka ne, kuma ka bar su yadda suke don babura da jakai kada su rasa aikin yi. Shi kansa gini sana'a ce da ke ciyar da gari: magina, kafintoci, masu walda, masu buga bulo, masu ɗebo yashi, leburori, da mai abincin da ke bin su. Jar ƙasa ga ta nan a bayan kowane gari. Hukumar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa ta daɗe da ƙera injinan matsa tubalin ƙasa mai ƙwari, wanda siminti kaɗan yake ci. Da ka sayi irinsu ka koya wa matasa, da an samu aikin yi da ɗaki mai sauƙi a lokaci guda. Ka tsare mana martaba, ka hana mu komawa ginin ƙasa, ka bar mu da simintin da ba mu iya saye.

Ranka ya daɗe, a nan zan ajiye kirari, domin akwai matar da yau za ta kwana a kango da jariri a bayanta, kuma ita ba ta da lokacin gatse.

Na san akwai ciyamomi da kansiloli da ma'aikata masu tsoron Allah, waɗanda ke son yin aiki amma an ɗaure musu hannu tun daga sama. Gare su nake cewa: ɗaurin bai hana ku faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ya shigo da abin da aka cire ba. Bai hana ku zama da masu unguwanni ku ƙirga mutanenku ba. Bai hana ku tsayawa a kan masu awon igiya su bar hanya da magudana da filin makaranta kafin a sayar da fuloti ko ɗaya ba, kuma wannan ba ya cin biliyan. Bai hana ku zuwa wurin gwamna da taswira a hannu, ku nemi a ware fili a bakin gari a yanka shi ƙanana, a sayar wa malamai da 'yan kasuwa da waɗanda aka koro daga ƙauyukansu, su biya kaɗan-kaɗan ba tare da ruwa ba. Gwamnonin da ke riƙe da abin da ba nasu ba kuma su sani, hukuncin Kotun Ƙoli ba shawara ba ce.

Kai kuma mai karatu, kuɗin nan naka ne, kuma ba ɓoyayye ba ne kamar yadda ake nuna maka. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, da sunanta, duk mai waya zai iya dubawa a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardar hukuma a rubuce, kuma ta ba su kwana bakwai su amsa. Ka duba na garinku na watan jiya, ka rubuta adadin a takarda, ku haɗu da liman da mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa da ƙungiyar matan layinku, ku je gidan kansilanku. Ku nemi kwafin kasafin bana, ku ce ya nuna muku da yatsa shafin da aka rubuta kwatar unguwarku da filin da marasa gida za su gina, da ranar da za a fara.